Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya da Gadon Zayyanar Hausawa

Kalmar "zane" a Hausa tana ɗauke da ma'anoni da dama: tsagar fuska zane ce, adon bango da na ƙwarya zane ne, haka kuma tufar da mace ke ɗaurawa. Sai daga baya ne ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da hoton fenti da ake ratayewa a bango, kuma Zariya na da babban matsayi a tarihin wannan sabon zane.

A shekarar 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. Galibin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma tasu ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don ƙalubalantar wannan tsari. Manufarsu, kamar yadda Okeke ya fayyace a 1960, ita ce a ɗauki dabarun Turawa a gwama su da fasahar da aka gada. Ƙungiyar ta watse a 1961, shekara guda kafin kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin lura shi ne, da aka ce a koma ga al'ada, kusan kowa gidansu ya nufa. Okeke ya rungumi zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyi da bautar gargajiya ta Urhobo, Grillo kuwa ya karkata ga rayuwar Yarabawan Legas. Alhali ga Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, bai fi tafiyar 'yan mil daga azuzuwansu ba, ga kuma dagi a fuskar soraye.

Jimo Akolo, ɗan Egbe, shi ne ya fi waiwayar Arewa, inda ya zana makaɗa da mahaya dawaki. To amma ko shi, Bahaushe ya zana a matsayin abin kallo, ba da salon Bahaushe ya yi zanen ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin fasahar Hausawa, saboda tasirin Musulunci, ta fi ƙarfi wajen siffofi marasa rai, irin na allon zayyana da aska takwas ta babbar riga.