Wida: birnin da teku ya kwashe wa mutane

Shekaru da dama ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram sun yi ta sauka Kwatano ɗaukar kaya, amma kaɗan ne daga cikinsu suka ƙara kilomita arba'in yamma suka leƙa Wida. Alhali kuwa kafin a san Kwatano, Wida ce babbar ƙofar wannan gaɓa, kuma wani yanki na tarihin Hausawa ya ratsa ta cikinta.

Asalin garin na mutanen Huweda ne, waɗanda fadar sarkinsu take Sabi, ɗan nesa kaɗan arewa. Tun ƙarshen ƙarni na 17 Turawa suka fara kafa sansani a wurin: Faransawa da nasu, Ingilishi da nasu, sannan a 1721 mutanen Fotugal suka gina wanda ake kira São João Baptista de Ajudá. A 1727 Sarki Agaja na Dahome ya ci ƙasar Huweda da yaƙi, daga nan Wida ta zama tashar Abome. Aka naɗa wani hakimi mai suna Yobogan, wato mai kula da Turawa, don ya sa ido a kan ciniki da haraji.

Cinikin kuwa na mutane ne. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya aka fitar ta wannan gari, abin da ya sa ya shiga sahun manyan tashoshin bayi na Afirka. Turawa na kawo taba da giya da bindigogi da yadi, da kuma wuri daga tsibiran Maldib. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Kano da Katsina, da yawansa ta irin waɗannan tashoshi ya shigo. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, Hausawa masu yawa sun faɗa hannun masu saye, aka gangara da su gaɓar nan, aka tsallaka da su Bahiya ta ƙasar Birazil. Can ma ba su sunkuyar da kai ba, domin sun shirya bore a 1807, sun kuma tayar da wani a 1814.

Bayan babban tawayen Musulmi na 1835 a birnin Salbado, ƴantattun bayi da yawa suka komo Afirka, wasu suka zauna Wida. Su ake kira Aguda. Sun tarar da Francisco Félix de Souza, ɗan Birazil da ya taimaki Gezo ya hau gadon Dahome a 1818, aka saka masa da sarautar Caca, ya kuma zama babban dillalin bayi har ya mutu a 1849. Cikin Aguda akwai magina da kafintoci, su ne suka sake wa garin fuska: benaye na jan tubali da aka shafe da launi, tagogi masu murfin katako, da ado na siminti kewaye da ƙofofi. Gidan Ajavon, wanda aka gina a 1922, yana daga cikin mafi kyawunsu, kuma a 2013 aka buɗe shi a matsayin gidan nuna zane-zanen zamani. Wasu da yawa kuwa damina na cinsu a hankali, saboda magada sun yi yawa, mai gyara babu.

Baƙon da ya shiga garin yana ganin ɗakin bautar mesa daura da babbar majami'ar Katolika da aka kammala a 1909, titi kawai ya raba su. Sansanin Fotugal ma yana nan. Ya ci gaba da zama hannun Fotugal har 1961, lokacin da Dahome mai ƴanci ta karɓe shi, masu tsaronsa suka cinna masa wuta kafin su fita. Daga baya aka gyara shi ya zama gidan adana kayan tarihi. Daga dandalin Caca hanyar bayi ke tashi, tafiyar kusan kilomita huɗu zuwa bakin teku, inda aka gina Ƙofar Rashin Dawowa a 1995 da haɗin gwiwar UNESCO. Kowane watan Janairu kuma mabiya addinin Vodun na cika wannan rairayi, har da baƙi daga Haiti da Birazil.

Sai dai ya kamata mai ziyara ya san cewa gumaka da alamun da ke kan hanyar an kafa su ne daga bikin Wida 92, wanda aka yi a 1993, kuma wasu labaran da ƴan rakiya ke bayarwa, kamar na itacen mantuwa, daga bakin mutane suka fito. Yawon buɗe ido na kawo kuɗi, amma yana iya mai da makoki abin kallo. Bahaushen da ya tsaya a wannan rairayi ya tuna cewa cikin waɗanda aka ɗora a kwale-kwale a nan akwai masu magana da harshensa, kuma ba a rubuta sunayensu ba.