Sulken masu keken hawan duwatsu: Yadda ake zaɓen mara nauyi mai kare jiki

Keken hawan duwatsu wasa ne da ya samo asali a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, lokacin da matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya. A 1990 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasarta ta duniya ta farko a wannan fanni a garin Durango na jihar Kolorado, sannan a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. A nahiyar Afirka ya fi ƙarfi a Afirka ta Kudu, ƙasar da ake gasar Cape Epic tun 2004, wadda kuma ta fitar da Greg Minnaar, zakaran duniya har sau 4 a tseren gangara.

Faɗuwa a wannan wasa a kan duwatsu da saiwoyi da kututture take, shi ya sa bayan hular kwano mahaya ke neman abin da zai kare musu baya da ƙirji da kafaɗu. Sai dai sulke mai nauyi yana jawo zufa da gajiya, har mai shi ya gaji ya rataye shi a gida. Ma'aunin zaɓe ke nan: sulken da ya ci gwaji, ya zauna daidai a jiki, kuma mai shi zai iya jure saka shi daga farkon tafiya har ƙarshenta.

Abin da yake karewa da wanda ba ya karewa

Faɗuwar da ta fi illa ita ce wadda tayar gaba ta cije, mahayi ya wuntsila ta saman kan keke. Aikin sulke a nan shi ne ya shanye wani kaso na ƙarfin bugu, ya baza sauran a fili mai faɗi, ya kuma hana tsinin dutse ko reshe ya huda fata. Yana rage ƙujewa da tararren jini da raunin haƙarƙari.

Amma yana da iyaka. Karayar da ta fi yawa a tsakanin mahaya ita ce ta siririn ƙashin nan da ke ƙasan wuya, wanda ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Sau da yawa ƙarfin da ke karya shi ta hannu yake biyowa, lokacin da mutum ya dafa ƙasa don tare faɗuwa, kuma babu rigar da ke hana wannan. Haka nan kariyar baya ba ta hana raunin laka da ke faruwa idan mutum ya faɗi ta ka, wuyansa ya lanƙwashe. Saboda haka sulke ba ya maye gurbin hular kwano, ba ya kuma zama dalilin ganganci.

Ire-irensa

Akwai cikakken sulke mai ɓawon roba mai tauri, wanda ke rufe baya da ƙirji da kafaɗu har zuwa gwiwar hannu. Shi ne na masu tseren gangara, waɗanda mota ko keken igiya ke kai su ƙololuwar tsauni, su kuwa saukowa ce kawai aikinsu. Akwai kuma riga mai laushi, mai hannu ko 'yar shara, wadda aka ɗinka da yadin raga aka yi mata aljihuna ana zura soson kariya. Bambancinsu kamar na sulke da lifidi ne a kayan yaƙin mahayan dā: ɗaya tauri ne makaminsa, ɗaya kuwa shanye bugu. Nau'i na uku shi ne jakar goyo da aka saka wa faifan kariya ta ciki, irin wadda kamfanin Evoc na Jamus ya yi suna da ita. Ita baya kawai take karewa, kuma sai an ɗaure ta tamau.

Wanda zai hau tudu da ƙarfin ƙafarsa kafin ya gangaro, kamar masu salon enduro, riga mai laushi ta fi dacewa da shi, domin sau da yawa nauyinta bai kai kilo 1 ba.

Sirrin soson

Abin da ya sa sulke mara nauyi ya yiwu shi ne wani irin soso da ke da laushi idan an lanƙwasa shi a hankali, amma ya ƙanƙame nan take idan an buge shi da ƙarfi, sannan ya koma yadda yake. Wanda ya fi shahara shi ne D3O na Ingila, mai ruwan lemo, wanda 'yan wasan zamiyar ƙanƙara na Amurka da Kanada suka saka a gasar Olamfik ta hunturu ta 2006. Akwai kuma SAS-TEC na Jamus da VPD na kamfanin POC na Suwidin. Irin wannan soso yana ƙara laushi idan ya ji ɗumin jiki, yana kuma sandarewa cikin sanyi, don haka rigar da aka ji ta da tauri a kanti tana iya kwantawa bayan 'yan mintuna a jiki.

Yadda ake karanta tambarin gwaji

Yawancin masu ƙera wannan kaya suna bin ƙa'idar Turai mai lamba EN 1621, wadda asalinta don masu babur aka yi ta. Shi ya sa ake ganin hoton mai babur a jikin tambarin. Kashi na 1 na ƙa'idar ya shafi gaɓoɓi, kashi na 2 baya, kashi na 3 ƙirji.

A gwajin baya da na gaɓoɓi, ana sako ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita 1, sai a auna ƙarfin da ya ratsa soson ya kai ƙasa. Ana auna shi da kiloniyutan, kuma kowane ɗaya ya yi kusan daidai da dannawar kaya mai kilo 100. Kariyar baya mai mataki na 1 ba za ta bar matsakaicin ƙarfin ya kai kiloniyutan 18 ba, mai mataki na 2 kuwa 9 ne iyakarta, wato rabin na farko. A gaɓoɓi, iyakar mataki na 1 ita ce 35, ta mataki na 2 kuma 20. Mai mataki na 2 ya fi kariya, amma galibi ya fi kauri da zafi.

Haruffan tambarin ma suna da ma'ana. FB na nufin faifan ya rufe baya gaba ɗaya har allon kafaɗa, CB tsakiyar baya kawai, LB kuma ƙugu. S na kafaɗa ne, E na gwiwar hannu. Alamar T+ na nuna an gwada shi a zafin digiri 40, T- kuma a sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. Ga mai hawa a ƙasashe masu zafi, inda rana kan haura digiri 40 a watan Afrilu kamar Kano da Sakkwato da Yamai, T+ ita ce abin nema. A kula kuma cewa riga ɗaya tana iya samun shaidar gwaji a baya, alhali soson ƙirjinta na ado ne kawai. Kowane yanki da tambarinsa.

Zama daidai a jiki

Ba da girman riga ake auna kariyar baya ba. Ana auna tsayin gangar jiki ne daga ƙugu zuwa saman kafaɗa, kuma tambarin yana nuna tsayin da faifan ya dace da shi. Idan ya yi tsawo zai riƙa tura hular kwano gaba a kan gangara, ya rufe wa mahayi ido a lokacin da ya fi buƙatar gani. Idan ya gaza kuma, ƙasan baya zai zauna a buɗe.

Hanyar gwaji ita ce mai saye ya saka rigar tare da hularsa, ya sunkuya kamar yana riƙe da kan keke, ya ɗaga kai, ya miƙa hannuwa, ya ja dogon numfashi. Soson da ke zamewa daga kafaɗa a wannan hali, zai zame a lokacin faɗuwa. Rigar da ke hana numfashi kuwa ba za ta kai mutum saman tudu ba. Mata suna da nasu ɗinkin, kuma ba a saya wa yaro babba da nufin zai girma a ciki.

Wanne ya dace da wa

Mai yawo a hanyoyin daji marasa tsananin gangara, 'yar shara mai kariyar baya mataki na 1 ta wadatar da shi. Mai bin hanyoyi masu duwatsu da tsalle-tsalle ya nemi baya mai mataki na 2 tare da ƙirji da kafaɗu. Mai shiga gasa ya fara karanta dokar masu shiryawa, domin UCI ta wajabta hula mai rufe haɓa a tseren gangara, wasu ƙasashe kuma, kamar Faransa, suna ƙara wajabta kariyar baya.

Kulawa da batun gwanjo

Ana zare soson kafin a wanke rigar, a shanya ta a inuwa. Barin ta cikin motar da ke rufe a rana yana lalata soson, haka ma fetur da man shafawa. Wanda ya tsage, ko ya daina komawa siffarsa bayan an matsa shi, ya gama aiki.

Wannan ne ya sa sulken gwanjo ke buƙatar taka-tsantsan, domin ba a san sau nawa ya sha ƙasa ba, ba a kuma san shekarunsa ba. 'Yan kasuwar da ke shigo da kayan wasanni su sani cewa haruffan CE kaɗai ba hujja ba ne, tunda buga su ba shi da wuya. Kayan gaske yana zuwa da lambar ƙa'idar da aka bi, da matakin da ya ci, da sunan kamfanin da ya ƙera shi, da takardar bayani. Idan babu waɗannan, soso ne kawai aka ɗinka a riga, kuma araha ba ta ado.