Majami'ar Tamantit: Ginin Da Ya Raba Kan Malamai

Wani mai karatu daga Maiduguri ya aiko da tambaya: shin Yahudawa sun taɓa samun wurin ibada a kan hanyoyin fataken da ke zuwa Borno da ƙasar Hausa? Sun samu, kuma labarinsa ya shafe mu.

Tamantit ƙaramin gari ne a dausayin Tuwat, cikin saharar Aljeriya ta yau: gidajen ƙasa a cunkushe, lunguna ƙuntatattu, ga gonakin dabino da ke shan ruwa ta magudanan ƙarƙashin ƙasa. Ayarin Borno da na Tuwat sun san juna, har akwai wasiƙar da Mai na Borno ya aika wa malaman Tuwat wajajen 1440 yana neman fatake su dawo kamar da. A 1447 wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto daga can cewa Yahudawa suna da yawa, suna zaune cikin kariyar manyan gari.

Majami'arsu tana tsakiyar gidajensu, ba ta jingine da gidan Musulmi ko ɗaya ba. A kan wannan gini aka kai ruwa rana. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya ce Yahudawan sun warware alkawarin amana, don haka a rushe ta. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a, mutanen amana ne, kuma ginin ya daɗe a wurin. Aka aika wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis tambaya. Ibn Zakri ya hana rushewa, al-Tanasi ya goyi bayan Maghili. Fatawoyin suna nan cikin littafin al-Mi'iyar na al-Wansharisi.

Wajajen 1492 Maghili ya tara jama'a suka rushe majami'ar, aka kashe wasu Yahudawa, sauran suka watse. Masu kare shi suna cewa kishin addini ne, domin attajiran Yahudawa sun shige wa masu mulki. Amma ni hujjar alƙali ta fi kwanta mini. Yana zaune da mutanen, ya san ƙofar kowa, kuma inda manyan malamai suka saɓa, bai kamata a zubar da jini ba.

Daga nan Maghili ya biyo ta Ahir zuwa Katsina da Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, ya koma Tuwat ya rasu wajajen 1504. Sharifan Kano suna danganta kansu da shi, kuma alherin iliminsa ba ya musantuwa. Sai dai duk wanda ya san sunan Maghili, ya dace ya san na al-Asnuni, alƙalin da ya tsaya wa amanar maƙwabta.