Daga Gidan Killacewa Zuwa Kantar Banki: Waiwaye Kan Rayuwar Donald Triplett

A shekarar 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimo a Amurka, ya buga wata muƙala inda ya bayyana halayen yara 11, maza 8 da mata 3. Yaran duk sun yi tarayya a wasu abubuwa: ba su damu da cuɗanya da mutane ba, sukan maimaita magana ko motsi iri guda, kuma hankalinsu yakan tashi in aka sauya musu abin da suka saba. Wannan lalura ita ake kira otizim, wadda wasu kafafen labarai na Hausa kan ce wa galahanga. Yaron da Kanner ya sa a farkon jerin shi ne Donald Triplett. Mun zaɓi mu bi sawun rayuwarsa ne domin ta ratsa gida da makaranta da wurin aiki, ta kuma yi daidai da zamanin da duniya ta sauya tunaninta game da irin waɗannan mutane.

An haifi Donald a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest, cikin jihar Misisifi. Tun yana ɗan shekara biyu yake haddace dogayen nassoshi, amma in mahaifiyarsa ta kira shi ba ya ko waiwayowa. Abin da ya fi so shi ne ya sami faranti ko murfin tukunya ya yi ta juya shi. Shawarar da likitocin wancan zamani kan bayar guda ce: a kai yaro gidan killacewa, iyaye su ci gaba da harkarsu. Haka aka yi a 1937. A can Donald ya ƙara shiga cikin kansa, har abinci ya rage ci. Bayan kimanin shekara guda iyayensa suka je suka ɗauko ɗansu, duk da an ba su shawarar su bar shi. Mahaifinsa, wanda lauya ne, ya rubuta wa Kanner wasiƙa mai shafi 33 yana zayyana halayen yaron, kuma a watan Oktoba na 1938 suka kai shi Baltimo.

Sashen da ya fi jan hankalinmu a wannan tarihi shi ne zamansa a gona. A 1942 aka kai shi wurin wani manomi da matarsa, kimanin mil 10 daga gida. Waɗannan mutane ba su karanta ilmin halayyar ɗan Adam ba, amma sun yi abin da ya gagari masana. Da suka lura yana son aune-aune, sai suka sa shi haƙa rijiya yana faɗa musu zurfinta. Da suka ga ba ya gajiya da ƙirga kunyoyin masara, sai suka ba shi garma da doki, yana huɗa yana ƙirgawa. Da ya dage wajen tara matattun tsuntsaye da ƙwari, ba su tsawata masa ba, sai suka yankar masa ɗan fili ya zama maƙabarta, yana kafa wa kowane kabari alama da rubutu. Ya kuma shiga makarantar ƙauyen, inda aka karɓe shi da halayensa. Kanner ya ziyarce shi a 1945, ya kuma rubuta mamakinsa kan hikimar ma'auratan. Ba su nemi raba yaron da ɗabi'arsa ba, sun dai ɗaura mata aiki ne.

Abin takaici, ba wannan darasi duniya ta fara ɗauka ba. Kanner da kansa ya yi wasu kalamai da ke nuna cewa iyayen irin waɗannan yara masu sanyin zuciya ne, kuma Bruno Bettelheim ya yaɗa wannan ra'ayi, musamman a littafinsa na 1967. Sai laifi ya koma kan uwa, aka ce rashin ƙaunarta ne ya kori ɗanta zuwa cikin kansa. Mu ma ba baƙin wannan hali ba ne, domin a unguwanninmu in yaro ya ƙi magana, uwar ake fara kallo, kafin a ambaci iska ko sammu.

Iyaye ne suka karya wannan zargi. A 1964 Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam mai ɗa da otizim, ya kawo hujjojin cewa asalin lalurar yana cikin halittar ƙwaƙwalwa. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka buga a 1977 ya nuna ƙarfin gado a cikinta. A Ingila kuwa iyaye sun kafa ƙungiyarsu a 1962, suka buɗe makaranta a Landan a 1965 ƙarƙashin malama Sybil Elgar, a lokacin da doka take ɗaukar wasu yara a matsayin waɗanda ba za su koyu ba. Da ɗaliban suka girma, sai wata tambaya ta taso: ina za su bayan makaranta? Amsarta ita ce Somerset Court, mazaunin manya da aka buɗe a 1974. A 1979 Lorna Wing da Judith Gould suka nuna cewa lalurar hawa-hawa ce, daga mai buƙatar kulawa dare da rana har zuwa mai iya riƙe kansa. Amurka ta ba naƙasassun yara haƙƙin shiga makarantun gwamnati a 1975, ta kuma ambaci otizim da suna a dokar 1990.

Kanner ya waiwayi yaransa 11 a 1971. Waɗanda suka daɗe a gidajen killacewa na gwamnati sun rasa ɗan abin da suke da shi na basira, har ya kwatanta kai su can da ɗaurin rai da rai. Shi kuwa Donald ya gama sakandare a garinsu, ya sami digiri a harshen Faransanci daga kwalejin Millsaps a 1958, ya kama aiki a bankin Forest. Ya koyi tuƙi, yana buga golf, daga baya ya riƙa yawon ƙasashe shi kaɗai. Otizim bai bar shi ba: har ya tsufa yana laƙaba wa mutanen da ya sani lambobi, kuma hirarsa gajera ce. Mutanen garin sun san shi a haka, kuma suna kare shi daga baƙon da zai nemi yi masa izgili.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Dangin mahaifiyarsa suna da hannu a bankin da ya yi wa aiki, kuma shi farar fata ne a Misisifin zamanin wariyar launi. Ɗan baƙar fata matalauci mai irin halinsa, a wannan gari da wannan lokaci, da wuya ya ga Baltimo, balle kantar banki. Haka nan lalurar Donald ba ta kai tsananin ta wasu daga cikin sauran yara goman ba. Ya ci gaba da zama a gidan da ya tashi bayan rasuwar iyayensa, har ya rasu a watan Yuni na 2023 yana da shekara 89.