Wa Zai Gwada Mai Gwaji?

Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ta kudu yake shiga jihar Kano. Dole ne a duba cikin mahaɗun waldarsa ba tare da an fasa su ba, domin tsaga kamar silin gashi tana iya haddasa gobara.

Tushen wannan sana'a shi ne 1895, shekarar da Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki. A Yaƙin Duniya na Biyu wasu jiragen ruwan Amurka da aka haɗa da walda suka tsage, wasu har suka rabe biyu. Gwaji ya zama wajibi, amma wa zai tabbatar da ƙwarewar mai gwajin?

A 1966 ƙungiyar masu sana'ar ta Amurka ta ɗora wa kamfani alhakin horar da ma'aikacinsa da ba shi shaida. A 1992 ƙa'idar ISO 9712 ta mayar da jarrabawa hannun hukuma mai zaman kanta, a mataki uku: na farko yana gwaji, na biyu yana yanke hukunci, na uku yana tsara hanyar aikin. Akwai gwajin ido, kuma ana sabunta shaidar duk shekara biyar.

Wannan bambanci ya shafi matashin Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa: shaidar kamfani tana mutuwa ranar da ya bar aikin, ta ISO kuwa tana tafiya da shi duk inda ya nufa.