Littafin Zaure da Hukuncin da Aka Yanke wa Ɗab'i a Kano

Ya zama al'ada a 'yan shekarun nan, duk sa'ad da manazarta suka zauna bitar sana'ar ɗab'i a Kano, sai su kafa hujja da ja da bayan kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, da ƙaurar marubutan ƙagaggun labarai zuwa manhajojin WhatsApp da ArewaBooks, da tsadar takarda tun faɗuwar darajar naira a 2023, sa'an nan su yanke hukuncin cewa littafin takarda ya yi sallama da garin.  Abin da nake inkari shi ne ma'aunin, domin an auna kasuwa sukutum da littafin boko kaɗai.

Wanda ya ratsa Madabo, unguwar da ake danganta ilminta ga Wangarawa, wadda ta shahara da karantar da fiƙihun Malikiyya, zai tarar da ɗaliban zaure riƙe da Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala, da yawansu bugun gida, waɗanda marubuci ya rattaba da hannunsa cikin manyan haruffa, aka ɗauki hoton rubutun aka buga, masu sayar da littattafai na kasuwar Kurmi suka yaɗa. Akan bar tazara tsakanin layuka, inda ɗalibi zai sa fassarar malaminsa da ajami ƙarƙashin kalmar da ta shige masa duhu, fuskar waya kuwa ba ta karɓar wannan tawada.

Mai jayayya zai ce maimaita bugun tsohon matani ba ɗab'i ba ne na haƙiƙa, tunda babu sabon mawallafi, babu mai tace rubutu, babu haƙƙin mallaka. Maganarsa tana da nauyi, amma a ganina ya cakuɗa wallafa da tijara. Ai wanda ya zuba jari, ya sayi takarda, ya biya maɗaba'a, ya jure asarar kwantai, ya cika sharuɗɗan sana'ar, ko da mawallafin ya kwanta dama ƙarnoni da suka wuce.

Sai dai ba zan faɗaɗa da'awa fiye da hujjarta ba. Manyan mujalladan tafsiri da hadisi galibi bugun Alƙahira da Bairut ne, mafi yawan ribarsu can take komawa, kuma ga alama su ne kwafin da ake karantawa a waya ya fi yi wa illa. Abin da ya saura a hannun Kanawa shi ne ƙananan littattafan masu fara karatu, waɗanda kowane sabon ɗalibi sai ya nemi nasa.