Fada da Lafiyar Jama'a a Ƙasar Maraɗi: Tarihin Wata Amana

Ya dace mu waiwayi wani aikin fada da ba a cika buga masa tambari ba, wato kula da lafiyar talakawa. Abin da tarihin Maraɗi ya nuna a fili yake: magani ba ya shiga gida sai mai gida ya yarda da wanda ya kawo shi, kuma a wannan ƙasa hanyar samun yardar nan takan bi ta ƙofar sarki da ta mai gari.

Tun lokacin da Ɗan Kasawa ya kafa mulkin Katsinawa a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, Sarkin Gobir Mayaƙi kuma ya kafa Tsibiri a 1836, jama'a suna da masu kula da lafiyarsu. Akwai wanzami mai kaciya da ƙaho, da ungozoma, da maɗori, da mai maganin gargajiya, kowane da shugabansa da fada ta sani. Ruwa shi ne ya fara sauya zaman garin. A 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya, ya rushe tsohon gari da ke cikin fadama, aka tashi aka koma tudu, inda aka yanka tituna masu faɗi. A 1956 ƴan mishan na SIM suka buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da birni ta wajen Jiratawa, ya zama mafaka ga waɗanda cutar ta raba da danginsu.

Abin da ya fitar da sunan Maraɗi a fagen lafiya ya faru ne bayan samun ƴancin kai a 1960. Likitoci kaɗan ne, ƙauyuka kuwa da yawa, sai aka nemi kowane ƙauye ya zauna gaban mai gari ya zaɓi mutanensa amintattu. Aka koya musu wanke miki, da ɗiga maganin ido, da ba da maganin zazzaɓi, aka damƙa musu akwatin magani. Ungozomomi kuma aka koya musu tsabtar hannu da yankan cibi. Aikin ya karɓu domin masu yin sa ƴan gari ne, ba baƙi ba. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani littafi kan yadda jama'a ke kula da lafiyarsu da kansu, ta ware babi guda ga jihar Maraɗi. Wannan ya riga babban taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashe suka amince cewa kiwon lafiya daga tushe shi ne mafita.

An gwada ƙarfin wannan amana a 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Mu da Katsina da Kano kasuwarmu ɗaya, aurenmu ɗaya, don haka maganar da cutar duka suka ƙetaro iyaka. Takardar hukuma ba ta isa ta buɗe gidan da aka rufe ba. Ƙungiyar sarakunan gargajiya ta Nijar, wadda ta ƙulla aiki da UNICEF a farkon shekarun 2000, ita ta shiga tsakani tare da malamai, aka yi shela a kasuwanni da masallatai, masu unguwa suka riƙa raka ma'aikata gida-gida. A Tsibiri, Sarkin Gobir Abdu Bala Marafa ya kafa rukunin masu faɗakarwa da ke zagaya ƙauyuka suna magana kan rigakafi, da karatun ƴaƴa mata, da illar aurar da yarinya tun jikinta bai yi ƙwari ba. A 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da shan inna ya yi wa katutu, a 2020 kuma aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka baki ɗaya.

Shekarar 2005 ba mai mantuwa ba ce. Bayan fari da fara na 2004 hatsi ya yi tsada, tamowa ta kama yara a jihar da ake kira rumbun ƙasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a Nijar a shekarar, akasarinsu a Maraɗi. An iya wannan ne domin an daina kwantar da kowane yaro. Uwa ake ba ƙunshin abincin gyaɗa da madara ta shayar da ɗanta a gida, ta komo awo mako-mako. Gyaɗar da ta gina arzikin Maraɗi a da, ita ta ceci ƴaƴanta. A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Bincike ya nuna mutuwar irin waɗannan yara a Nijar ta ragu daga 226 cikin kowane dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Daga 2013 aka fara ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watannin damina a Madarunfa da Gidan Rumji. A wannan shekarar aka tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu.

Amma da sauran aiki. Cibiyar gyaran masu yoyon fitsari da aka buɗe a Danja a 2012 shaida ce cewa akwai matan da naƙuda ke daɗewa a ɗaki kafin a kai su likita, wasunsu ƙanana ne. Likita yana ɗinke ciwon, amma hana aukuwarsa yana hannun uba da miji da mai gari. Haka nan dattawanmu, waɗanda hawan jini da ciwon suga da yanar ido ke ci a ɓoye, sun cancanci irin shelar da aka yi wa jarirai. Zogalen da ake nomawa a Jiratawa kuwa ya kamata ya fara shiga tukunyar gida kafin ya tafi kasuwa.

Magabata sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hakimai da masu gari da masu unguwa sun gaji wata daraja da kuɗi ba ya saye, ita ce in sun yi magana a saurara. Wannan daraja tana ƙaruwa ne duk sa'ad da abin da suka kira jama'a a kai ya zama gaskiya mai amfani. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya.